Gudu a garin da baka sani ba: amsa ga mai shirin tafiya

Malam, bari in maimaita tambayarka a taƙaice saboda sauran masu karatu. Kace kana gudun kilomita 8 zuwa 10 sau huɗu a sati, kana shirin shiga rabin fanfalaki, wato tseren kilomita 21, nan da wata biyu, sai ga aiki ya taso zai kaika garuruwa uku da baka taɓa takawa ba, sati uku cur zaka yi a waje. Abu biyu ke damunka, kar ƙarfin da ka tara ya zube, kar kuma ka fita gudu ka ɓata ko ka faɗa inda bai kamata ba. Sai ka rufe da cewa ko dai ka haƙura da injin gudu na otal kawai ka huta.

Toh. Na daɗe a harkar nan, ina gudu ina kuma horar da masu gudun sha'awa irinka, kuma aiki ya jefa ni garuruwa da dama da kambas ɗina a jaka. Baka faɗi sunan garuruwan ba, da ka faɗa da amsar ta fi zama daidai kai, amma dai ga abin da zan iya ce maka.

Tsoron farko cire shi daga ranka tun yanzu. Ƙarfin gudu baya tsiyayewa cikin sati uku in dai kana ɗan taɓawa. Akwai wani masani a Amurka, Robert Hickson, da ya gwada wannan a farkon shekarun 1980, ya horar da mutane kwana shida a sati har suka yi ƙarfi, sannan ya rage musu zuwa kwana huɗu, wasu ma kwana biyu kacal, har tsawon sati 15, kuma yawan iskar da jikinsu ke iya ja ya yi aiki da ita bai sauka ba, muddin zafin atisayen yana nan yadda yake. Da ya rage zafin ne ƙarfin ya fara sauka. Kaga kenan fita biyu ko uku a sati, ɗaya daga ciki da ɗan zafi, ya isheka ka dawo gida baka yi asarar komai ba. Don haka babu abin da zai sa ka fita da duhu a unguwar da baka sani ba wai don kar jadawali ya karye. Jadawali takarda ce.

Na biyun shi ne maganar.

Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, kuma mai gudu ya fi kowane baƙo makanta, saboda shi a minti ashirin ya yi nisan da mai tafiya a ƙasa sai ya kusa awa kafin ya yi, ga haki ga gumi a ido, rabin hankalinsa yana kan agogo. Abin da nake gaya wa duk wanda nake horarwa kenan, fitarka ta farko a kowane sabon gari ka ɗauke ta a matsayin zagayen gane hanya, gudun kuma ƙari ne. Kar ka sa mata lissafin minti nawa a kilomita. In son samu ne ma juya fuskar agogon ta nuna maka lokaci kawai. Ba a haɗa gudu da susar baya, ko ka kalli agogo ko ka kalli gari, kuma ranar farko gari zaka kalla.

Ni da kaina sai da na sha kafin na koya. Wata shekara da sanyi na sauka wani tsohon gari a Turai, irin masu lunguna a karkace ɗin nan da kowane gini ya yi kama da ɗan'uwansa, na fita wajen ƙarfe shida gari bai waye ba, niyyata kilomita 8, na duba taswira a ɗaki nace zan yi zobe, in bi ta nan in ɓullo ta can. Wajen kilomita na biyar na ciro waya in duba, batir ɗin da na bari kusan rabi ya mutu murus, ashe sanyi na shanye batir haka, kuma na sa ta a aljihun waje inda iska ke dukanta. Nace ba komai ai na san sunan otal ɗin. Na tare wani direban tasi na faɗa masa, ya kalle ni ya ɗaga yatsu uku, wai wanne daga ciki. Otal ɗin ashe rassa uku gare shi a garin, suna iri ɗaya, ni ko sunan titi ban riƙe ba, ga shi ko sisi babu a jikina. Haka na dinga bulayi, gumin da na yi ya huce ya zama ƙanƙara a bayana, haƙora na kaɗawa, sai da na yi kusan ninki biyu na abin da na yi niyya kafin na gane wata gada da na tsallaka da farko. Na shiga taron da ya kawo ni garin a makare, ina ɗingishi. Tun daga ranar ban ƙara fita ba sai da katin otal a aljihu, wannan ɗan katin da ke kan teburin risefshan mai suna da adireshi da lambar waya da yaren garin. Baya buƙatar caji, baya buƙatar sabis, kuma a ƙasashen da rubutunsu ba irin wanda ka iya karantawa bane kamar Sin ko Jafan ko Tailan, shi kaɗai ne abin da zaka miƙa wa direba ya gane nan take.

Kuskurena na farko a ranar shi ne zoben. A garin da baka sani ba, fita ta farko ka miƙe ka dawo ta inda ka bi, shikenan. Kuma ka lissafa da lokaci, minti 15 ko 20 ka juyo. Zobe yana da daɗi a taswira amma a ƙasa sai ka tarar da layin dogo ya raba, ko babbar hanyar mota da ba a tsallakawa, ko ana gini an toshe, ka kauce kaɗan ka sake kaucewa, kafin ka ankara ka rasa gabas. Sannan ko miƙewa da dawowar ma akwai dabara, saboda hanya tana da fuska biyu, yadda take in kana tafiya daban yadda take in kana dawowa daban. Waiwaye adon tafiya aka ce, toh a nan har da tsira a ciki. Duk kwanar da ka sha, juyo ka kalli yadda wurin zai bayyana gareka in ka dawo, ka riƙe abu ɗaya da baya motsi, hasumiya, gada, wani gini mai launi daban. Kar ka riƙe motar da aka faka ko rumfar mai talla, kafin ka dawo sun tashi. Ni bana shan kwana fiye da sau uku a fitar farko, in hanya ta buƙaci ta huɗu na fasa ta.

Shi ya sa ruwa ya fi komai sauƙi. In garin yana da kogi ko bakin teku ko tafki, nufi can. Ka fita ruwa na hannun damanka, ka dawo yana hagunka, ta ina zaka ɓata? Kuma galibi bakin ruwa babu mararraba da yawa, ba sai kana tsayawa danja kowane mita ɗari biyu ba. Bakin Tems a Landan, bakin Sen a Faris, bakin Nilu a Alƙahira, bakin mashigin Bosforus a Istanbul, duk haka suke. Abu ɗaya dai, in ka tsallaka gada ka ƙirga ta, kuma ka tuna lissafin dama da hagu ya juye. In babu ruwa sai babban lambun shaƙatawa. Wasu garuruwan ma suna da zagayen da duk mai gudu a garin ya sani, a Tokyo zagayen fadar sarki kusan kilomita 5 ne babu danja ko ɗaya, kuma kowa yana bin sa ne saɓanin yadda hannun agogo ke juyawa, in ka bi ta ɗaya ɓangaren kai kaɗai zaka dinga karo da mutane. A Niyok babban zagayen Central Park ya kusa kilomita 10. Amma duba lokacin buɗewa, lambuna da yawa ana kulle su. A Landan Hyde Park ana buɗe shi tun biyar na asuba har sha biyun dare, amma Kensington Gardens da ke manne da shi ana rufewa da faɗuwar rana, kana iya shiga ta ƙofa ɗaya ka zo fita ka tarar da kwaɗo.

Maganar tambaya kuma, eh matambayi baya ɓata, amma ya danganta da wanda ya tambaya. In ka ce wa mutumin risefshan ina ne ya dace in yi gudu, sau tari zai nuna maka inda masu yawon buɗe ido ke zuwa, wanda shi ne mafi munin wurin gudu, cunkoso da masu ɗaukar hoto. Ko kuma ya ce ko'ina lafiya lau don kar ya ɓata sunan garinsu. Canza tambayar. Ka buɗe taswira ka nuna masa hanyar da ka zaɓa, kace in ƙaninka ne zaka bar shi ya bi nan shi kaɗai ƙarfe shida na safe? Sai ka kalli fuskarsa kafin ka saurari bakinsa. Kuma ka tambayi inda ba a zuwa, wannan ya fi amfani. Mai gadin ƙofa da direbobin da ke jira a bakin otal sukan fi na cikin ofis sanin titi, su suke ganin wanda ya fita da wanda ya dawo ba waya.

Sai manhaja. Strava tana da taswirar da ke haska hanyoyin da mutane suka fi bi da gudu, inda layin ya yi haske sosai toh 'yan gari na bin wurin, kuma ya fi duk wata shawara da zaka samu a intanet. Sai dai bata gaya maka ƙarfe nawa suke bi, hanyar da ke cike da jama'a da yamma tana iya zama kufai da asuba. Kuma ka kula da abin da kai kake wallafawa, a farkon 2018 wannan taswirar ce ta tona wuraren sansanonin soja a Siriya da Afganistan saboda sojoji na gudu da agogo a hannu. In ta tona sansanin soja, otal ɗinka da lokacin fitarka ba komai bane. Akwai wurin da ake ɓoye farkon gudu da ƙarshensa, kunna shi, ko ka bari sai ka bar garin ka ɗora. Taswirar Google kuma sauke ta garin tun kana da intanet don ta yi aiki ba data. A Sin kam kar ka dogara da ita sam, a toshe take, ko ta buɗe ma ɗigon da ke nuna inda kake baya zama daidai kan titi, sai ka nemi manhajar can. Agogon gudu shi ma in ka yi doguwar tafiya da shi yakan daɗe yana laluben tauraron ɗan'adam, haɗa shi da waya tun a ɗaki, kuma tsakanin dogayen benaye sigina na dukan gini ya dawo, sai kaga ya rubuta maka saurin da ko zakaran duniya bai yi ba. Kar ka yarda da shi, kar kuma ka yi fushi da shi.

Hanya mafi sauƙi duka, in ta samu, ita ce ka bi 'yan gari. Akwai parkrun, gudun kilomita 5 kyauta kowace Asabar da safe, an fara shi a Bushy Park a Landan a 2004 da mutum 13, yanzu yana ƙasashe sama da 20, rajista sau ɗaya kake yi a intanet ka je da lambarka duk inda ake yi. Kusan kowane babban gari kuma yana da ƙungiyoyin masu gudu da ke fita rana kaza ƙarfe kaza kuma suna karɓar baƙo. Awa ɗaya da su zai koya maka abin da sati ba zai koya maka kai kaɗai ba.

Yanzu abin da ya fi ɓata da ɓarayi haɗari, wanda kuma ba a cika tambaya a kai ba, mota. Wuyanka ya saba da juyawa ɓangare ɗaya kafin ka tsallaka titi, tun kana yaro, baka ma san kana yi ba. A Ingila, Jafan, Indiya, Kenya, Afirka ta Kudu da Ostireliya mota na bin hagu, a Amurka, Faransa, Jamus, Masar, Saudiyya da Sin tana bin dama. In ka je inda aka saɓa da naka, ka duba inda ka saba kaga wayam ka jefa ƙafa, motar tana zuwa ne ta bayan kunnenka. A Landan har rubutawa suka yi a ƙasa a bakin titi, duba dama, duba hagu, saboda baƙi. Mai tafiya yana da daƙiƙa ɗaya ya ja da baya, mai gudu ya riga ya shiga. Kuma abin haushin ba a kilomita na farko yake faruwa ba lokacin da kake a ankare, sai can da gajiya ta zo jiki ya koma tsohon sabo. Dokata a nan bata da sassauci, duk mararraba tsayawa cak, duba ɓangare biyu, sannan ka tsallaka da tafiya. Agogo ya yi ta ƙirgawa. Inda babu gefen masu tafiya a ƙasa ka fuskanci motocin da ke tahowa, ka gansu su ganka. A garuruwa irin Amsterdam da Kofenhegen kuma keke ne zai kwashe ka, layin nan mai santsi da ke gefen titi da ya yi kamar don kai aka shimfiɗa shi, na masu keke ne, suna da gudu basu da ƙara kuma basu da haƙuri. Iyafis kam a baƙon gari bar shi a ɗaki. Na san wasu zasu ce gudu ba sauti ai azaba ne, toh a sha azabar, kunne rabin idonka ne a wurin da baka sani ba.

Sai jikinka, don shi ma baƙo ne. Ranar da ka sauka daga dogon jirgi kar ka yi wani gudun kirki, taka da ƙafa minti talatin da rana, wannan tafiyar ma ita ce leƙen hanyar gobe. Zaman sama da awa huɗu wuri ɗaya yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, kuma masu gudu suna da wani mugun hali, duk ciwon sharaɓa sai su ce ai tsoka ce bari in gudu ta saki. In bayan jirgi ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo ba tare da ka bugu ba, kar ka gudu kar ka murza, asibiti zaka. In numfashi ya fara yankewa ko ƙirji na suka, wannan na gaggawa ne. Barci kuma, ƙiyasin da aka saba shi ne kusan kwana ɗaya ga kowace awa ɗaya ta bambancin lokaci, kuma tafiya gabas ta fi wuya. Sassarfa cikin hasken rana na taimaka wa jiki ya gane sabon lokaci. Amma in ka farka ƙarfe uku na dare ido garau, kar ka ce bari in yi amfani da damar, lokacin 'yan maye ne da titi ba kowa. Duba lokacin fitowar rana ma, a kusa da tsakiyar duniya kusan kullum wajen shida ne, amma a Landan a Disamba sai wajen takwas take fitowa kafin huɗu ta faɗi, a Yuni kuma kafin biyar gari ya waye tas.

Duba tsayin garin daga teku, mutane basa yi. Adis Ababa ta haura mita 2,300, birnin Meziko wajen 2,240, Bogota ta haura 2,600, Nairobi da Johanasbag wajen 1,700. A irin wuraren nan kowane numfashi yana kawo maka iskar da bata kai wadda ka saba ba, sai kaga saurin da kake hira a kansa a gida ya sa ka haki kamar wanda aka koro, zuciya na dukan uku-uku. Lafiyarka ƙalau, tsayi ne. Rage sauri har inda zaka iya magana, kwana biyu ukun farko gajere kawai, in ciwon kai ko jiri ko tashin zuciya ya zo ka tsaya. Kar ka kalli 'yan Habasha suna wuce ka a hawan dutsen Entoto da ke gefen Adis Ababa kamar iska ka ce zaka bi, a can aka haife su.

Zafi ma haka, musamman mai haɗe da laima, don in iska ta jiƙe gumi baya bushewa, in bai bushe ba jiki baya hucewa. A gasar duniya ta Doha a 2019 sai tsakar dare aka fara fanfalakin mata don gudun rana, duk da haka cikin 68 da suka fara 28 basu ƙarasa ba, kuma waɗannan ƙwararru ne da likitoci a gefe. Jiki na buƙatar sati ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da zafi, kai kuma sati ɗaya zaka yi a kowane gari, kaga kafin ka saba ka tashi. Fita da sassafe, rage nisa, sha ruwa daidai ƙishi, ba ɗurawa ba, don yawan ruwa fiye da kima shi ma yana sirka gishirin jini ya kwantar da mutum. Kuma ka tambaya ko ruwan famfon garin ana sha, gudawa ta fi komai saurin kashe jadawali.

Sai iska. Mai gudu yana zuƙar iska ninkin mai zaune sau da yawa, ta baki kuma, har can ƙasan huhu. Manhajar yanayi a waya tana nuna ma'aunin gurɓatar iska, a ma'aunin Amurka ƙasa da 50 lafiya, daga 101 masu asma su kula, ya haura 150 ni bana fita ko lafiyata lau. Delhi a watan Nuwamba takan wuce haka nesa. Haile Gebrselassie, shahararren ɗan tseren Habasha, da kansa, lokacin yana riƙe da tarihin duniya a fanfalaki, ya ƙi yin fanfalakin Olimfik na Bejin a 2008 saboda iskar garin da asmarsa, ya shiga tseren mita 10,000 kawai. In shi ya haƙura, ni da kai fa?

Kare in ya biyo ka kar ka ƙara wuta, baka fi shi gudu ba kuma gudun ne ke zuga shi. Tsaya, ka ba shi gefe, kar ka zuba masa ido cikin ido, ka ja da baya a hankali. In ya ciza ko ya yakusa, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cur sannan asibiti a ranar don allurar haukan kare, ba sai ka koma gida ba, wannan ciwon in alamunsa suka fito babu magani.

Aljihu: katin otal, ɗan kuɗin ƙasar da zai isa tasi, waya a aljihun ciki ba a hannu ba, da shaidar ko kai waye. Kwafin fasfo yakan wadatar a wurare da yawa amma ba ko'ina ba, a Jafan doka ce baƙo ya riƙe ainihin fasfonsa, sa shi a leda saboda gumi. Riƙe lambar gaggawa, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 999 a Birtaniya, 911 a Amurka da Kanada. Gaya wa wani inda ka nufa da lokacin dawowa, ko abokin tafiya ko risefshan. In zaka duba taswira kar ka tsaya a tsakiyar titi kana juya waya kana ɗaga kai, duk wanda ya ganka ya san baƙo ne ya rikice, matsa jikin wani shago ko ƙofar otal ka duba. In ka shiga layi kaga ba mata ba yara ba tsofaffi, ko jikinka kawai ya baka, juya, babu mai binka bayani. In an tare ka ana son wayar miƙa ta. Kuma bakin barikin soja, fadar shugaban ƙasa, ofishin jakadanci, kar ka ɗau hoto, wani wurin ma gara ka wuce da tafiya, mutum a guje ya nufo ƙofar masu bindiga ba abin da suke son gani bane. Sutura ma ka kalli abin da masu gudun garin ke sawa ka kwatanta, akwai inda gajeren wando ba komai akwai inda zai tara maka ido. 'Yan'uwa mata da ke karantawa, duk wannan ya shafe ku har da ƙari, abin takaici ne amma haka yake, hasken rana, wurin da wasu matan ke gudu, ƙungiya in da hali, kuma kar a maimaita hanya ɗaya a lokaci ɗaya kullum.

Injin otal da ka ambata, ban raina shi ba. Shi ne ma wurin da ya dace da atisayenka mai zafi, don can ne zaka iya ba agogo duk hankalinka ba mota ba kwana. Ranar hazo, ranar zafi, ranar da aka tashi taro da dare, hau abinka. Duba dai ko da mil yake ƙirga ko da kilomita, mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Na taɓa danna 10 a wani otal a Amurka ina hamma, ina nufin kilomita 10 a awa, abin ya ɗauke ni a kan 16, da ƙyar na cafki ƙarfen gefe, wata tsohuwa a injin kusa tana ta dariya.

In ni ne kai ga yadda zan raba kowane sati. Ranar sauka tafiya da ƙafa. Washegari minti 30 zuwa 40 a miƙe a dawo, a hankali. Tsakiyar sati mai zafin a kan inji, ko a wani ɗan zagaye da ka riga ka gani da idonka. Dogon gudunka na shirin kilomita 21 ɗin kuma ka ajiye shi sai kwana na biyar ko shida lokacin da ka ɗan san garin, kuma maimakon ka miƙe kilomita 8 cikin inda baka sani ba ka dawo, gara ka zagaya wuri mai kilomita 4 ko 5 sau uku ko huɗu, kana wuce ruwanka da banɗaki kowane zagaye. Akwai gundura, na sani. In wani satin dogon bai samu ba bar shi ya tafi, kar ka rama shi a na gaba, ga tsayuwar taro ga yawon filin jirgi duk ƙafa ce ke biya, tsofaffin titunan dutse kuma suna cin idon sawu da agara. In ka dawo kana da wajen sati biyar, ya isa ka yi dogo biyu ko uku kafin ka fara sassautawa.

Kambas ɗinka kar ka sa shi a babbar jakar da ake aunawa, sa shi a ƙafa ko a jakar hannu, riga da wando in sun ɓata ana samu ko'ina amma takalmin da ƙafa ta saba da shi ba a saye shi rana ɗaya, sabo kuma bororo zai yi maka. Kaya kala biyu sun isa, ka wanke a ɗaki ka naɗe cikin tawul ka taka da ƙafa, kafin safiya sun bushe. Turo min sunayen garuruwan da watan da zaka je, in duba maka tsayinsu da yanayinsu da ɓangaren da mota ke bi.